Jami'a za ta tayar da bene hawa shida a jikin katangarmu, ku ba ni shawara

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku ban runtsa ba. Gidanmu mahaifinmu ne ya gina shi tun jami'ar nan ba ta da katanga, ɗaki ɗaya-ɗaya yake ƙarawa idan ya samu hali, ƙofar gidan ma sau biyu ya sauya mata fuska saboda ruwa. Da ya rasu aka bar ni a ciki da mahaifiyarmu. Ciwon ƙafa ya hana ta fita, tsakar gidan nan ita ce duniyarta, a nan take shan hantsi. Shekara uku ke nan jami'a na sayen gidajen layinmu a hankali, cikin 14 yanzu tara nasu ne. Makon jiya aka liƙa takarda a jikin falwaya, wai sun nemi hukumar tsara birni ta mayar da layin wurin gine-ginen makaranta, za su yi ɗakunan kwanan ɗalibai hawa shida. Tagoginsu tsakar gidanmu za su kalla. Maƙwabta sun rabu biyu, masu gidajen haya murna suke. Ina zan sa kaina?

Injiniya: Wa'alaikumus salam Hajiya. Takardar gidan da sunan wa take? Kuma yaushe wa'adin ƙorafi zai cika? Hukuma ba ta duba kuka, abin da take dubawa shi ne tsawon gini, tazararsa da katangarki, magudanar ruwa da wurin ajiye motoci. Ki rubuta ƙorafi a kan waɗannan, ki sa a buga miki hatimi a kwafinki.

Alhaji Na'Allah: 'Yata, ki sayar tun gidan na da daraja. Kowa ya ja da jami'a shi ne a ƙasa. A Amurka ma, majalisar birnin New York ta sauya wa Jami'ar Kolombiya tsarin wani yanki na unguwar Harlem a 2007, waɗanda suka ƙi sayarwa suka tafi kotu, a 2010 kotun ƙoli ta jihar ta ce a karɓi filayensu a biya diyya. Can ke nan da lauyoyi kamar ƙasa.

Ummu Safiyya: Ni ba jami'ar ce ta dame ni ba, masu gidajen haya ne. Maƙwabcina ya yanka falonsa gida uku ya cusa yara 11, janareta har asuba, kwatarsu a ƙofata take kwana. Da jami'a ta gina musu masauki ai da mun huta.

Malam Sani: Alhaji, a yi adalci. Ita Kolombiyar a 1968 ta fara ginin ɗakin wasanni a wani lambun shaƙatawa, bore ya sa ta haƙura. A garin Berkeley na jihar Kalifoniya kuma maƙwabta sun yi nasara a kotu a 2022, aka hana jami'ar ƙara yawan ɗalibai.

Alhaji Na'Allah: Ka ƙarasa mana, Malam. Ko wata ba a yi ba majalisar Kalifoniya ta gyara dokar, jami'a ta ɗebi ɗalibanta. Ƙwai ba ya ja da dutse. 'Yata, ki nemi dillali.

Maman Walid: Baba Alhaji, ba ni kaɗai ke da gidan ba, mu bakwai ne, kuma Inna ta ce gawarta kaɗai za a fitar. Injiniya, takarda tana wurin yayanmu, ba ma magana tun rabon gado. Wa'adin ban duba ba, ruwa ya jiƙa takardar da aka liƙa. Amma an kira taro a watan jiya, na je har na sa hannu.

Injiniya: Hannu a kan me, Hajiya?

Maman Walid: Takarda ce aka zagayo da ita, kowa ya sa. Da na ƙi ai sai a ce ni ce mai taurin kai a unguwa. Kuma mutumin jami'ar ya yi mana alkawari da bakinsa ba za su sa taga ta ɓangarenmu ba.

Malam Sani: Alkawarin baki ba ya tsayar da gini, 'yar uwa. Mutanen Harlem a rubuce suka karɓi nasu a 2009. Ku biyar ɗin da kuka rage ku haɗa kai, ku ɗauki lauya ɗaya.

Alhaji Na'Allah: Biyu daga cikin biyar ɗin nan sun gama ciniki a ɓoye, ki bincika ki gani.

Injiniya: Gobe da safe ki je ofishin tsara birni, ki nemi ganin fayil ɗin da takardar da kika sa wa hannu.

Maman Walid: Gobe ranar asibitin Inna ce. Kuma ni mutumin nan bai yi mini kama da maƙaryaci ba. Akwai wanda ya san ko za a bar ni in ƙara tsawon katanga?