Neman shawara: E. coli ɗina sun yi tsawo, rabon kuromosom ne ya lalace ko tsinkewar ƙwaya?

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum malamai. Na sa wa bakteriyar E. coli maganin kashe bakteriya siprofulozasin (sipro) rabin adadin da ke hana ta girma, bayan awa biyu ƙwayoyin suka yi tsawo kamar taliya. Malamin da ke duba aikina ya ce in tantance: kuromosom ne ya kasa rabuwa, ko ƙwayar ce ta kasa tsinkewa biyu? Kuma na nemi parA da parB, ƙwayoyin gadon raba kuromosom, a jerin ƙwayoyin gadonta ban gani ba. Don Allah ta ina zan fara?

Malamin ilimin ƙananan halittu: Wa alaikumus salam 'yata. Ba za ki gan su ba, domin kuromosom ɗin E. coli ba shi da su. Kuma ki ajiye hoton nan na littafi, inda kuromosom ke jeruwa a tsakiya wasu zaruruwa su ja shi. Bakteriya ba ta yin haka. Tana kwafa tana rabawa lokaci guda. Kuromosom ɗin zobe ɗaya ne mai harufa kusan miliyan 4.6, in an miƙe shi ya kai milimita ɗaya da rabi, a cikin ƙwaya mai tsawon maikuron biyu zuwa uku. Kwafi yana farawa daga wani wuri a kan zoben da ake kira oriC ya bi hagu da dama, kimanin minti 40, kuma tun kafin a kai rabin hanya oriC ɗin biyu sun riga sun rabu.

Tsarin da kike nema yana cikin wasu bakteriya irin Caulobacter crescentus da Bacillus subtilis. Akwai guntun DNA mai harufa 16 kusa da oriC, wato parS. Furotin ParB yana kama shi, ya rufe kansa a kan DNA da taimakon sinadarin CTP ya zame gefe, wasu su biyo baya har su taru. ParA kuwa yana manne da DNA ko'ina muddin yana riƙe da sinadarin ATP. Duk inda tarin ParB ya taɓa shi sai ya sake, don haka tarin yake ta matsawa inda ParA ya fi yawa. A E. coli sai dai a filasmid (ƙananan zobban DNA daban da kuromosom) irin F da P1 za ki ga wannan. Kuromosom ɗinta rukunin furotin MukBEF ne ke tattare shi madauki-madauki, furotin MatP kuma ya kore MukBEF daga yankin da kwafi ke ƙarewa.

Malamar ɗakin gwaji: Ƙanwata, tsawo kaɗai ba ya amsa tambayar malaminki, sai kin rina DNA. Ki tsarma ƙwayoyin kwana a sabon ruwan reno na LB, ki bari OD600 (ma'aunin yawan ƙwayoyi a ruwan) ya kai 0.2 zuwa 0.3, sannan ki raba uku: ɗaya babu magani, ɗaya da sipro, ɗaya da sefalezin maikurogiram 20 a kowace mililita. Sefalezin furotin FtsI yake toshewa, mai gina bangon tsakiya, ba ya taɓa DNA. Shi ne ma'auninki. Ki sa DAPI, rinin DNA, maikurogiram 1 a mililita na minti biyar zuwa goma a duhu, ki ɗiga maikurolita 1 ko 2 a kan shimfiɗar agaros kashi 1 cikin ɗari, ki duba a maikuroskop da gilashin mai na 100.

A na sefalezin za ki ga doguwar ƙwaya da dunƙulen DNA huɗu ko takwas a jere, tazara daidai. Rabo ya yi, tsinkewa ce ta tsaya. In na sipro ya nuna dunƙule ɗaya a tsakiya, bakunan biyu fayau, to matsalar tana ga DNA. Ki ƙirga aƙalla ƙwaya 300 a kowane kashi, tare da hoton haske na wurin da kika ɗauki hoton DAPI, in ba haka ba marasa DNA za su ɓace miki. Kada ki rina ƙwayoyin da suka kwana kai tsaye ba tare da tsarmawa ba, kuma kada maganin kuloramfenikol ya shiga ko'ina, yana dunƙule DNA ya yaudare ki.

Ɗalibar aji huɗu: Na gode Malama. In na ga dunƙulen tsakiya, zan iya rubuta cewa inzayim ɗin Topo IV ne maganin ya toshe?

Malamin ilimin ƙananan halittu: A'a, kada ki yi gaggawa. Gaskiya ne zobba biyu suna fitowa daga kwafi a sarƙe, kuma Topo IV ne ke yanka ya raba su. (ParC da ParE sassansa ne, ba su da dangantaka da ParA da ParB sai kamar suna.) Amma a E. coli sipro ya fi kama jairas, wani inzayim mai warware murɗewar DNA, Topo IV na biyu ne. DNA na karyewa, tsarin gyaran gaggawa na SOS ya tashi, furotin SulA ya hana FtsZ yin zoben da ke tsinke ƙwaya. Ga kuma SlmA da ke hana zoben zama a kan DNA ɗin da bai matsa ba. Abin da hoto zai ba ki ikon faɗa shi ne rabo ya tsaya, tsinkewa ta biyo baya. Sunan inzayim ɗin sai da ƙwayar da aka canza mata gyrA (na jairas) ko parC (na Topo IV).

Ɗan digiri na uku: Malam ya gama magana, ƙari kaɗan kan marasa DNA. Ƙananan masu zagaye daga bakin ƙwaya laifin MinCDE ne, furotin masu tsayar da zoben FtsZ a tsakiya, zoben ya zauna inda bai dace ba. Masu cikakken tsayi amma wayam, irin na ƙwayar da mukB (ɓangaren MukBEF) ɗinta ya lalace ne, kuma wannan sai a digiri 22 ake renonta, a 37 cikin LB ba ta rayuwa. In kuwa kin ga bangon tsakiya ya datse DNA, ki tuna inzayim XerC da XerD: wani lokaci zobban kuromosom biyun kan haɗe su zama babba ɗaya, sai furotin FtsK ya jawo wani wuri a kuromosom mai suna dif tsakiya, XerC da XerD su warware shi.