Baban Hanifa zai tafi aiki Antatika wata 14, wa ya san zaman wurin?

Ummu Hanifa, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan barci ya ƙaurace min. Baban Hanifa makanikin manyan janareto ne na dizal, shekararsa 9 yana aiki a nan Jidda. Tun yana karatu a waje yake zancen Antatika, nahiyar ƙanƙarar nan da ke ƙarshen kudancin duniya, ni kuma na ɗauka buri ne kawai na baka. Ranar Talata bayan isha'i sai ya miƙo min wayarsa ya ce in karanta: an kira shi gwajin lafiya, in ya tsallake zai tafi wata tashar masu bincike, wata 14 ba leƙo gida. Bawan Allahn nan ko mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na ƙara wa ƙarfi sai ya tashi da mura, shi ne abin da ya fara faɗo min a rai. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Don Allah wanda ya san wurin ya faɗa min gaskiya. Me suke ci? Ya sallah da azumi inda aka ce rana ba ta faɗuwa? In ciwo ya kama mutum fa? Yarana uku, ƙaramar ba ta ma fara tafiya ba.

Baba Injiniya, Jubail

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi irin wannan zaman kafin in dawo Saudiyya, kuma aikin janareto na yi kamar maigidanki.

A jirgin ruwa muka tashi daga Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a Disamba, lokacin zafinsu ke nan, in ma za a kira shi zafi. Tasha ta cika da jama'a, ana ta sauke man dizal da abinci. A Fabrairu jirgi ya kwashe su, muka tsaya kan ƙanƙara muna ɗaga hannu har ya ɓace. Na waiga na ƙirga mu, ba mu kai sahu guda na masallacin unguwa ba. Ranar na gane inda na kawo kaina.

Sanyi kada ya dame ki sosai. Kayan sawa suna da kyau, cikin gini kuma da ɗumi, zafin injin ne ma ake ja a ɗumama ɗakuna da shi. Shi ya sa kunnen makaniki ba ya hutawa, ko cikin barci sautin janareto ya ɗan canja sai in ga na miƙe zaune. Ruwa shi ne wahala. Da shebur muke kwasar dusar ƙanƙara mu zuba a tankin da ke narkar da ita, bi da bi, har likita sai ya fita. Wanda ya sha wannan aikin hancinsa na daskarewa ba ya sakin famfo. A ƙaramar buta nake alwala, in yi shafa a kan huffi. Iskar wurin kuma ta fi hunturun Kano bushewa, ki sa masa man shafawa mai yawa, diddigena sai da suka tsage har jini.

Abinci akwai shi a jibge, amma daskararre da na gwangwani. Tumatir da ganye su ne farkon ƙarewa, albasa da dankali su ɗan jima. Har mafarkin lemo na yi. Nama ban san yankansa ba, sai na tsare kifi, ƙwai da wake. Sai maigidanki ya yi maganar naman tun kafin a yi odar kayan abinci, don bayan jirgi ya tafi babu bagala, wato shago, a bayan gida. Girki ma bi da bi ne. Na tafi da garin kuka da yaji, ranar girkina na tuƙa tuwon semo, mai auna yanayinmu ya kalli miyar ya ajiye cokali, amma bayan wata uku shi ke tambayar yaushe zan sake.

Abin da ya fi ƙarfin mutane shi ne junansu. Fuskokin da ka gani da safe su za ka gani da dare, shekara guda. Mu rana ta ɓace mana daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli, da azahar sai ɗan ja a gefen sama kamar bayan magariba. Barci ya rikice, rai ya yi ta ɓaci ba dalili. Akwai wanda kullum yake barin kofinsa a wurin wanke-wanke da busasshen shayi a gindi. Wallahi a kan kofin nan na yi kwana 12 ban gaishe shi ba, ni da furfurata. Ran 21 ga Yuni, tsakiyar hunturunsu, ana yin walima kowa ya ba wani kyautar da ya ƙera da hannunsa. Ashe mai kofin nan ne ya ciro sunana. Ya sassaƙa min abin ɗora Alƙur'ani da katakon akwatin kaya, don ya lura a kan filo nake ɗorawa. Yana nan a ɗakina.

Ciwo kuma, akwai likita da ɗan ɗakin tiyata, amma cikin hunturu fito da mutum abu ne mai wuyar gaske. A 1961 likitan Rasha, Leonid Rogozov, da hannunsa ya yi wa kansa aikin afendis a tashar Novolazarevskaya don babu wani likita sai shi. Shi ya sa gwajin yake da tsanani, har haƙori sai an duba. Kada ya ɓoye musu komai. Waya ana samu ta tauraron ɗan'adam, ko ba kullum ba saƙon murya yana wucewa.

Abu Sumayya, Madina

Allah Ya saka wa Baba. Ummu Hanifa, maganar sallah malamai sun gama ta. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa a 1398 Hijira: inda rana ke yin watanni ba ta fito ba ko ba ta faɗi ba, za a yi salloli biyar cikin kowane awa 24, a ƙaddara lokutan da na gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana. Hujjar ita ce hadisin Dujal a Sahihu Muslim, da sahabbai suka tambaya game da yinin da zai yi tsawon shekara, Annabi (SAW) ya ce su ƙaddara masa. Wasu malamai sun ce a bi lokacin Makka. In kuwa rana tana fitowa tana faɗuwa, da ita zai yi azumi ko yinin ya yi tsawo, in ya kasa ya sha ya rama. Juma'a ba ta kansa tunda babu jama'a, azahar zai yi.

Hajiya Babba, Makka

'Yata, duk an yi maganar mai tafiya, ni taki zan yi. Iƙamarku, wato takardar izinin zama, ke da yara a ƙarƙashin tasa take ko? In ya ajiye aikin Jidda, zamanku ya tashi. Ku zauna ku warware wannan kafin ya je gwaji: gida za ki koma wurin su Mama, ko yaya? Makarantar Hanifa fa? Ni nawa aikin sahara ya yi, sati huɗu can sati biyu gida, amma duk da haka daren da zazzaɓi ya kama yaro ni kaɗai na san abin da na gani. Kuma ya je ya nemi albarkar mahaifiyarsa baki da baki, ba ta waya ba.

Ummu Hanifa, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Hajiya, wallahi zancen iƙama bai zo min ba sam, yau da dare zan tayar masa da shi. Na karanta masa na Baba, da na zo wurin kofi ya yi shiru, don shi ma ko takalmi aka ajiye a karkace sai ya yi magana. Baba, ya ce in tambaye ka: garin kuka mudu nawa ya ishe ka, kuma sun bar ka ka shiga da daddawa?