Za a mayar da Baba Abuja daga Jos, me za mu tanada?

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kan oksijin, ta hanci ake ba shi abinci. Likitoci sun ce a kai shi Abuja. Don Allah me ya kamata mu shirya?

Wata nas:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, kada ku tayar da mota sai likitanku ya yi magana da likitan can an tabbatar akwai gado a sashen kulawa ta musamman. Karɓi sunan wanda zai karɓe ku da lambarsa. Takardar turawa kaɗai ba ta kama gado, kuna iya isa a bar ku a ƙofar sashen gaggawa oksijin yana ƙarewa. Ku haɗa da hoton kwakwalwa, sakamakon gwajin jini, da jerin magunguna tare da lokacin da aka ba shi na ƙarshe, don kada a maimaita. Ko ya nuna ƙishi, kada a ɗura masa ruwa ta baki, cikin huhu zai tafi. A ɗaga kansa, kada a kwantar da shi shamɓal.

Wani direban motar asibiti:
Malam, yi lissafin oksijin da kanka. Ƙaramar tukunya tana ɗaukar kusan lita 680. Idan ana ba shi lita 5 a minti, awa biyu da 'yan mintuna ta ƙare, ba a ma kai Keffi ba. A tafiyar awa biyar yana buƙatar lita 1,500, sai ku ninka saboda tsaiko. Ku nemi babbar tukunya da ta ko-ta-kwana, da sifanar buɗewa, ita aka fi mantawa. A gwada na'urar zuƙe majina a gabanka. Ku fita da sassafe, ku sauka Hawan Kibo da haske, ku wuce Mararaba kafin cunkoso. Motar da babu nas a ciki ba motar asibiti ba ce, tasi ce mai jiniya.

Wata Hajiya:
Ɗana, mutum ɗaya ya shiga motar, mai dakiyar zuciya. Wani ya riga ku isa ya buɗe kati ya biya kuɗin ajiya. In kuna da inshorar lafiya, ku nemi lambar amincewa daga masu inshorar tun kuna Jos. Ku riƙe tsabar kuɗi, na'urar biya takan ƙi aiki. Masu dubiya su dakata tukuna, abin da za su yi muku yanzu shi ne neman wa wanda zai yi jinyar Baba masauki kusa da asibitin.