Ƴan uwa a taimaka: mi za mu ce ma "sculpture conceptuelle" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe da sahe nike da shiri bisa al'adu, kuma na cije wurin kalmar nan. Misalin da za ni badawa shi ne na Walead Beshty, mazaunin Los Angeles ta Amurka, wanda tun 2007 yake yin akwatunan gilashi daidai da girman kwalin FedEx, kamfanin aika kaya, ya saka ciki ya aika, duk inda anka sauke anka loda gilashin na tsagewa, in ya isa sai a aza shi bisa kwalin nashi a nuna ma mutane. Har sunan aikin ma lambar bin sawun kaya ce da ranaku da garuruwan da ya bi. To mi za a ce ma wanga abu?

Mushen Hausa: Sassaƙar tunani. Ai tun 1917 da Duchamp, wani mai fasaha Bafaranshe, ya kai abin hitsari wurin nuni dabarar ita ce aikin, ba hannu ba.

Hajiya: Malam sassaƙa kuma? Masassaƙi ice yake sara da gizago ya hitar da turmi ko kujera. Wa ya taɓa sassaƙa gilashi

Ɗan tiransit: Hajiya ta yi gaskiya, mutumin nan ko taɓa shi bai yi ba, hanya da ƴan dako sunka yi mishi aikin. Wallahi dariya nike, mu da kayanmu ke zagayowa ta Lome tun da anka rufe iyakar Gaya a 2023, kwantena ta iso Maradi rabin faranti sun hwashe mu kwana lissahin asara, shi ko hwashewar ce kuɗinshi.

Baba Tsoho: Gunki dai za ku ce ku huta.

Mai shirin rediyo: Haba Baba, in na ce gunki a rediyo ai kahin in hito studiyo an kira mai gidana. Akwati ne hwa, ba siffar kowa ba.

Wani daga Kano: Fasahar ra'ayi ta fi, ita ce daidaitacciyar Hausa.

Baba Tsoho: Fasaha Larabci, ra'ayi Larabci, ina Hausar? Ku Kanawa kun cika bakinku da aro sannan ku ce mu ne ba mu iya ba. Ni na ƙaga tawa: zucau. Abin da zuci ta yi.

Wani daga Kano: Baba da girmanka, ku masu lakwal da kamyo ne za ku yi mana gorin aro?

Baba Tsoho: Zucau nike cewa yaro. Awa kwantau, awa tunau.

Hajiya: Zucau kamar sunan cuta Baba 😂

Mushen Hausa: Mu koma bisa magana. In sassaƙa ba ta yi ba a ɗauko ƙira, tun da ana cewa ƙirar mota, ƙirar Japan, ba dole sai maƙera ba. Ƙirar tunani.

Ɗan tiransit: Har yanzu ba a ji tahiyar kayan ciki ba, kuma nan ne gishirin yake.

Mai shirin rediyo: Wannan sai in yi shi cikin bayani. Dare ya yi, na ɗauki ƙirar tunani, ba don ta kwanta mini ba. Na gode Malam.

Baba Tsoho: Ki dai ambaci zucau ko sau guda ɗiyata, masu saurare su zaɓa.