Kafin a Sa Hannu kan Yarjejeniyar Amsa Laifi

A wata tattaunawa da wasu lauyoyi suka yi da iyalan waɗanda ake tuhuma a nan birnin Kano, abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne haƙƙin ɗaukaka ƙara. Lauyoyin sun tunatar da cewa sashe na 270 na dokar tarayya ta 2015 kan gudanar da shari'ar laifuka ya tanadi cewa hukuncin da ya biyo bayan yarjejeniyar amsa laifi don neman sassauci ba a ɗaukaka ƙara a kansa, sai idan an yi zargin ha'inci. Wannan ne, a ganina, mutane suka fi mantawa, domin wanda ya gaji da zaman gidan yari gida kawai yake hange.

Saboda haka suka ba da shawarar kada mutum ya sa hannu sai lauyansa ya fassara masa takardar da Hausa, ya kuma nuna masa ƙarfin hujjar masu gabatar da ƙara. Idan an matsa masa lamba, ya faɗa wa alƙali tun kafin a yanke hukunci, tunda wajibi ne alƙalin ya tabbatar da cewa da yardarsa ya amsa laifin.