Faɗuwar Fatakwal ce ta karya Biyafara

Baban Hanifa: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk Janairu sai a cika mana kunne da ranar 15 ga watan, 1970, da Effiong, mataimakin Ojukwu shugaban Biyafara, ya miƙa wuya ga Gowon a barikin Dodan, kamar ranar aka ci yaƙin basasa. Tun 19 ga Mayu 1968 aka karya Biyafara, ranar da rundunar tarayya ta Adekunle ta shiga Fatakwal. Tashar jirgin ruwa, filin jirgin sama, matatar mai ta Eleme, duk suka fita hannun Ojukwu. Daga nan sai titin mota na Uli da suka mayar filin sauka, jirage na zuwa cikin dare. Ba gangancin da Murtala ya yi wajen ƙetare kogin Neja a bakin Anacha ne ya ci yaƙi ba.

Ɗan Kurawa: Ganganci? Malam, ka janye kalmar nan. Ranar 9 ga Agusta 1967 dakarun Biyafara ƙarƙashin Banjo suka haye Jihar Tsakiyar Yamma, suka kai har Ore, hanyar Legas a buɗe. Runduna ta biyu ta sojojin tarayya ba ta wanzu ba sai a watan nan, Murtala ya harhaɗa ta da sababbin ɗauka da akawu da masu girkin bariki. Kafin Satumba ta ƙare ya ƙwato Benin. Wannan ne mai ganganci?

Bakura: Yallaɓai, ba wanda ya hana shi Benin. Maganar ƙetare kogi ake. 'Yan Biyafara sun fasa gadar Neja da za su ja da baya. Hedikwata a Legas ta ce ya hau arewa ya haye ta Idah, inda gaɓa biyun ke hannun tarayya, ya gangaro ta ƙasa. Ya ce a'a, ta Asaba zai fita. Wanda zai haye kogi mai faɗi irin wannan a gaban abokan gaba yana buƙatar jiragen da za su yi ta jigila ba yankewa, da igwa mai rufe wa masu sauka baya, da harsashi da ke biye da su. A Oktoba ayarin farko ya sauka, ya shiga gari har kasuwa, sojoji suka watse, ɗauki bai iso ba, aka koro su bakin ruwa. Sau uku ana gwadawa. Ƙarshe ta Idah ɗin aka bi, sai Maris 1968 aka kama Anacha. Ka ba ni wani suna in ba ganganci ba.

Ɗan Kurawa: Sunansa zafin nama. Da ta yi kyau da kun ce jarumta.

Bakura: Ai ba ta yi ba. Dubi Shuwa da runduna ta ɗaya: a tsanake, sai kaya sun iso ake matsawa. Nsukka a Yuli, Inugu 4 ga Oktoba 1967, babban birninsu ɗungurungum.

Ɗan Kurawa: Dama na san nan za ka, ɗan Barno ba ya ƙin nasa. To me kama Inugu ya ƙara? Sun kwashe gwamnati sun koma Umuahia, kuma sai Afrilu 1969 mutumin naka ya isa can. Wata goma sha takwas!

Malama Uwani: Ku gafarce ni, ƙannena. Kuna ta auna kwamandoji, ba wanda ya ambaci mazan Asaba da aka tara aka harbe ranar 7 ga Oktoba 1967, kuma sojojin runduna ta biyu ne. Wannan ba ya shiga lissafin ganganci ko zafin nama?

Ɗan Kurawa: Yaya, wannan magana ce daban, mai nauyi. A ba ta ranarta.

Kawu Sale: Ku ƙara da Abagana. 31 ga Maris 1968, jerin motocin runduna ta biyu a kan hanyar Inugu zuwa Anacha, an haɗa tankokin mai da motocin harsashi a layi guda, gab da juna, a titin da ba wurin juyawa. Aka yi musu kwanton ɓauna, wuta ta kama tankar mai, ta bi layin. Ƙa'ida ita ce a raba mai da albarusai, a bar tazara, a tura masu share daji gefe biyu.

Baban Hanifa: Ni fa Fatakwal na kawo. Ko mutum ɗaya bai taɓa ta ba.

Kawu Sale: To ga amsarka, ɗana. In Fatakwal ta gama da su, yaya suka kewaye birged ta 16 ta tarayya a Owerri wata da watanni, suka ƙwace garin a Afrilu 1969? Kuma tun Yuli 1967 da aka kama Bonny bakin ruwan Fatakwal ya toshe.

Bakura: Kawu, Owerri ai wani gangancin ne, na Adekunle, da ya baza runduna kan Aba da Owerri da Umuahia lokaci guda. Shi ya sa aka kawo Obasanjo ya maye gurbinsa a Mayu 1969.

Ɗan Kurawa: Kowa mai ganganci ne ke nan ban da Shuwa. Bari in tattara mana, dare ya yi. An amince Ore da Benin ne mararrabar yaƙin, don da Banjo ya shiga Legas da babu sauran zance. An amince Anacha ta zo hannu, ko da ta jima. Kalmar ganganci kuwa ba a kawo hujjar da ta tsayar da ita ba.

Bakura: Wa ya amince?