MGB ta 1970 tana mutuwa in ta ɗau zafi, masana ku taimaka

Ɗan_Bukuru:
Salam jama'a. Akwai wata motar Ingila MGB ƙirar 1970 da na gada a wajen kawuna, shi ma wajen wani Bature mai aikin kuza ya saye ta, sitiyarinta ma a dama yake, irin na kafin a sauya hannu a 1972. Ta daɗe a ajiye, bana ne na tayar da ita. Matsalar ita ce da safe kik ɗaya take tashi, sulo lafiya lau, amma in na taso daga Bukuru kafin na kai Terminus musamman in na shiga gosulo sai ta fara shaƙewa tana fizga, daga nan ɗif ta mutu. In na buɗe bonet na zauna ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba. Na sa sabbin fulogi, an wanke kafireta, bakanikena ya canja kwayil, duk a banza. Yanzu cewa yake wai mu cire injin mu sa na Toyota kowa ya huta, ni kuma wallahi raina bai so.

Sarkin_Gudu:
Malam wannan ai mai ne yake tafasa. A MGB kafireta biyun nan na kamfanin SU a saman bututun salansa suke zaune, gefe ɗaya, in ka tsaya a gosulo ba iska sai fetur ya zama tururi tun kafin ya shiga inji. Akwai wani faranti da ke raba tsakaninsu, duba ko yana nan, don makanikanmu in sun kwance abu suka ga saura ƙarfe ɗaya sai su ce ba shi da amfani su wurgar. Kuma in ta mutu ka buɗe murfin tanki, in ka ji ya yi fuuu to tankin ne ba ya shan iska.

Baba Rewaya:
Ɗana kar ka yarda a taɓa injin nan. 1.8 ne mai silinda huɗu, daga 1962 har 1980 ana ƙera motar nan da shi, ba wani abu a ciki da ya fi ƙarfin sifana da sukundireba. Kuma ka daina sayen kaya tukuna, a fara sanin wuta ce ke ɗaukewa ko mai ne.

Ga yadda za ka gane ba ko sisi. Lokacin da ta fara fizga kana cikin giya, kar ka taka kuloci, ka kalli allurar rebi, mai nuna saurin juyawar inji. In allurar ta faɗi ƙasa lokaci guda alhali motar na gangarawa inji na juyawa, wuta ce, kwayil ko kwandensa ko kwantak ko wata waya da ta saki. In kuma allurar na sauka a hankali tare da ƙarar inji to mai ne bai zuwa, sai ka koma kan maganar Sarkin Gudu da kuma famfon mai. Famfon nata na lantarki ne yana can baya kusa da batir, in ka murɗa makulli za ka ji yana ƙas ƙas ƙas sai ya yi shiru in kafireta ta cika. In ta mutu ka murɗa ba ka ji komai ba, ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan sukundireba, ya farfaɗo to ka kama ɓarawonka.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kwayil ɗin da ka ce an canja. Wane iri aka sa? Ta shekarar taka kwayil mai kusan ohm 3 take so, wato ma'aunin yadda yake tare wuta. Irin waɗanda suka cika kasuwa yanzu na motocin da ba su da kwantak ne, wasu 1.5 wasu ko 1 ba su kai ba, ka ɗaura shi kai tsaye a kan volt 12 zai yi ta jan wuta fiye da kima, ya yi zafin da ba ka iya taɓa shi, ya ƙone bakin kwantak. Kowane rewaya mai mita zai auna maka a tsaye.

Hajiya_504:
Ni ba makanike ba ce amma tsohuwar Fijo nake ja, kuma abin da ya wahalar da ni tsatsar tanki ne. Motar da ta daɗe a ajiye dole ka samu. Sa ƙaramar filta mai haske kafin kafireta, in ka ga jan gari ya taru a ciki ka sauke tankin a wanke, in ba haka ba kullum kana wanke kafireta kullum tana toshewa.

Ɗan_Bukuru:
Baba Allah ya ƙara girma. Na gwada yau wajen Anglo Jos, allurar faɗuwa ta yi tim lokaci guda, na taɓa kwayil kuwa sai da na yarfe hannu. Mun auna, 1.2 ya nuna. Na buɗe distiributa bakin kwantak ɗin ya yi baƙi ya ciccinye. Hajiya na gode, filtar ma zan sa. Farantin kuma yana nan Sarki, sai dai abin da ke manne a bayansa duk ya zube.

Baba Rewaya:
To madalla. Amma tunda tana mutuwa tun kafin a canja kwayil, akwai mai laifin farko, ina zargin kwandensa, shi ma in ya tsufa zafi ne ke kashe shi. Canja su ukun tare, kwayil da kwandensa da kwantak, kwantak ka ba shi tazarar inci 0.015 sannan a sake taimin. Ka zaga Dilimi da Farin Gada wajen dattawan da ke ajiye kayan tsohuwar Land Rover, da yawansu na kamfanin Lucas ne irin na motarka, ka tafi da tsohon a hannu a gwada. Tsohon kwayil ɗin yana nan ko an yar?

Sannan kar ka yi mamaki in fulogi na yin baƙi. Jos ta haura mita 1,200, iska ba ta da kauri, kafiretar da aka saita a Legas ko Abuja in ta hawo nan mai yake mata yawa. Akwai noti a ƙasan kowace SU, ɗaure shi sama kaɗan kaɗan yana rage mai, duka biyun daidai wa daida. Amma wannan sai wuta ta zauna tukuna, ka bar shi sai ka dawo mana da labari.